Jirgin Shanun Baffa

Duk sanda na ji warin takarda tana cin wuta, ba na iya zama a wurin. Ba leda ba, ba taya ba, takardar littafin makaranta mai layi-layi wadda aka cika da biro. Shekaranjiya ina bakin kasuwar shanu a cikin keke-napep ɗina ina jiran fasinja, wani mai shayi ya hura wuta da tsohon littafin ɗansa. Ban san lokacin da na tayar na bar wurin ba, kuma ba kowa a bayana.

Bari in gaya maka tun yanzu, ni ba marubuci ba ne. A aji biyu na sakandare na tsaya. Na yi yaron mota, na yi cajin waya, na yi wankin mota, yanzu keke nake ja, shi ma ban san ko zan kai kaka da shi ba. Amma an yi marubuci a gidanmu, a unguwar Bolewa, ɗakin da ke jikin zaure. Ƙanin babana ne, Baffa muke ce masa.

Sana'arsa zanen mota. Ka san garin nan da manyan motoci. Idan ka taɓa bin bayan wata ka ga zaki ya danne barewa, ko mikiya ta buɗe fuka-fuki a kan dutse, ba mamaki hannunsa ne. Kullum yana warin fenti da fetur, farcensa bai taɓa fita tas ba ko ranar Sallah. Idan ya dawo bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyar maina da ke tsakar gida, ya ɗora littafi a gwiwa, ya yi ta rubutu har a kira magariba. A gefe guda Kaka, uwar su Baba, tana fama da suyar gyaɗa, don ƙuli-ƙuli da mai take yi. Shi yana rubutu, ita tana mita.

Ya taɓa buga littafi ɗaya tun ban yi wayo ba. Labarin wata rijiya ce da idan ka sauka ƙasanta za ka tarar da wani gari, mutanensa ba su taɓa ganin rana ba. Ya kai Kano da kansa. Masu sayar da littattafai suka ce masa ya saka budurwa da saurayi a ciki, in ba haka ba babu mai ɗauka. Ya ce a garin ƙarƙashin rijiya mutane suna neman haske ne, ba su da lokacin zance. Bayan wata shida aka sako masa kwalayensa a motar shanu. Rabi gara ta cinye, rabi Kaka ta naɗe wa mutane ƙuli da shi. Bai yi fushi ba. Ya ce ko ba komai littafinsa ya shiga kowane gida a unguwa.

Babban aikinsa shi ne labarin jirgin. Wai an kai wani zamani da ruwa ya ƙare, rijiyoyi suka ƙafe tun daga nan har inda ƙasa ta tsaya. Sai makiyaya da direbobin manyan motoci da masu walda suka haɗu suka ƙera jirgin ƙarfe mai hawa bakwai, suka loda shanun da suka rage, suka tashi neman makiyaya a wata duniyar da ke bayan taurari. Ba yaƙi a ciki, ba sarauta. Yadda za a kai shanu da rai, shi ke nan labarin. Baffa ya yi mako guda yana zagaya kasuwa yana tambayar Fulani ko saniya za ta iya tuƙa a wurin da babu sama babu ƙasa. Wasu suka yi dariya, wani tsoho kuma ya zauna suka yi ta lissafin abin da gaske. Ya tambayi Kaka yadda za a tatsi nono idan nonon ba zai sauka cikin ƙwarya ba. Ta dube shi, ta ce da Hausarta mai nauyin harshe, "Mutum da gemunsa, sa'o'insa sun aurar da 'ya'ya, shi yana tatsar saniya a sama."

Baba kuwa ce masa yake yana ɓata tawada wajen tara ƙarya. Baffa ya kan ce ai ƙarya ce da kowa ya san ƙarya ce, ba wanda ya cuta.

Ni kaɗai nake zama. Da farko don gyaɗar da nake sata a faranti ne, daga baya labarin ya kama ni. Idan ya gama babi sai ya karanta mini, ya tsaya a tsakiya ya kalli fuskata. Idan ya ga ina wasa da ƙafa, sai ya ja layi ya soke shafin gaba ɗaya. Littafi goma sha ɗaya ya cika, aikin shekara takwas, suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Tunda mai zane ne, komai sai ya zana: hawan shanu, rumbun ciyawa, tankin ruwa. A littafi na bakwai ya zana injin jirgin. Tukwanen ƙarfe a jere, wayoyi ja da baƙi sun shiga sun fita, agogo a gefe, ga kibiya ya rubuta inda wuta za ta tashi. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba.

Sai garin ya lalace. Ba sai na ba ka labari ba, in kai ɗan nan ne ka sani. Aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fita, waya ta daina shiga. Mutum ya fita sayen omo a dawo da takalminsa. Muna tsoron waɗanda suke zuwa daga daji, muna tsoron waɗanda suke zuwa nemansu. A lokacin ne, cikin zafin bazara, Baffa ya samu aiki a garin Nangere, wata mota da za ta ci kwana huɗu.

Washegarin tafiyarsa na buɗe akwatin na ɗauki na bakwai na sa a jakar makaranta. Ba wani dalili sai son a san ni. Ba na ja a aji, ba na iya ƙwallo, amma ina da baffan da ya san yadda ake tashi sama. Lokacin hutun tara na buɗe shi a bayan aji. Yara suka taru har suna hawa kan juna. Na ce musu Baffa ne ya ƙera, kuma idan ya kunna, wutar da za ta tashi sai an gani tun daga garin Mamudo. Haka na ce, da bakina. Wani abokina ya roƙe ni in ba shi ya kwana da shi. Na ba shi.

Babansa ya gani. Bai kai wa kowa ba sai mai unguwa, kuma har gobe ina ganin mutumin ya yi mana alheri.

Mai unguwa ya zo bayan azahar, littafin a cikin aljihun babbar rigarsa. Suka zauna da Baba a zaure, ni ina bayan ƙofa. Ya ce ya san Baffa tun yana yawo ba wando, ya san ko kaza ba ya iya yankawa. Amma masu shiga gida-gida ba karatun labari suke zuwa yi ba. Za su buɗe, su ga waya da agogo da wuta, a ɗakin da ke cike da gwangwanaye da fetur. Ya ce a unguwar da ke bayanmu an kwashe maza a kan abin da bai kai wannan ba, kuma yara sun riga sun yaɗa maganar. Ba Baffa kaɗai za a ɗauka ba, duk namijin da ke gidan ne, har da ni.

Baba bai tambayi yadda littafin ya fita ba. Ya shigo ya tsaya a tsakar gida, ya ce mini, "Kai ka san inda yake ajiye su. Kwaso duka."

Na ce a cire masu zanen kawai. Ya ce babu wanda ba zane. Na ce a binne. Ya ce suna tona ƙasa. Na ce a jira Baffa, sai ya dube ni irin kallon da ban ƙara magana ba.

Ni na kwaso su, sahu biyu. Kaka tana kan suya, murhu yana ci, ita aka miƙa wa. Ba ta iya karatu ba, ta riƙa yage su tana turawa ƙarƙashin kasko kamar kara. Littafi ba ya saurin ci, ka sani, sai an buɗe shi an tona. Bangon yana murɗewa, biron yana yin wani wari mai ɗaci da ya danne ƙanshin gyaɗar. A wani shafi ta tsaya. Farar saniya ce mai karyayyen ƙaho, tana shawagi, ƙafafu a sama. Ta kai shi kusa da ido, ta ce wannan ai saniyar babanta ce, wadda ta mutu shekarar fari, ita ta ba Baffa labarinta yana ƙarami. Ta riƙe shafin har wuta ta fara lafawa. Sannan ta tura.

Kwana biyu bayan nan masu shiga gida-gidan suka zo, da hantsi. Suka fito da mu suka zaunar a rana, suka juye kowane ɗaki. Sun buɗe akwatin Baffa, ba komai sai buroshi da tsohuwar hula. Suka wuce. A gida na uku da namu suka ɗauki wani saurayi mai gyaran rediyo, saboda wayoyin da ke ɗakinsa. Uwarsa ta rasu ba ta sake ganinsa ba. Shi ya sa ba zan iya ce maka Baba ya yi kuskure ba. Na so in iya, da na samu wanda zan ɗora wa.

Baffa ya dawo da yamma, da rake a hannu ya kawo mini. Baba ya tare shi a zaure ya gaya masa. Na jira ihu, ban ji ba. Ya shigo ya ce sun yi daidai, ya nemi ruwa ya sha. Sai ya je ya tsuguna gaban murhun, wanda an riga an kwashe tokarsa an zubar tun tuni, ya daɗe yana kallo. Kaka ba ta yi mita ba ranar, ba ta kuma ƙara yi masa ba har ta bar duniya.

Bai sake sayen littafi ba. Bayan la'asar yana shimfiɗa tabarmar, ya zauna hannu a gwiwa. Zanen motar ma ya ja baya, don an fara buga hoto a inji a manna, ya koma shafa fenti zalla. Tari ya kama shi, irin na masu shaƙar fenti. Ni kuwa aka rufe makarantu, da aka buɗe ban koma ba. Na kan ce rikici ne ya hana ni, amma gaskiya bayan ajin nan ne ba na son gani. Na bi mota zuwa kudu. Ina dawowa in kwana a gareji don kada in wuce ta ƙofar ɗakinsa. Shekara shida ina wannan gudun, a zatona bai san komai ba.

Da damina aka aiko mini jikinsa ya yi tsanani. Na same shi da safe, ana yayyafi, ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Na gaishe shi na zauna a bakin ƙofa, na shirya tashi. Ya ce in matso.

"Na bakwai ka ɗauka," ya ce. "Mai unguwa ya gaya mini tun a makon."

Na buɗe baki zan yi magana. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya yi tari ya huta.

"Ba wannan nake tambaya ba. Yaran da ka nuna wa. Sun karanta, ko zanen kawai suka kalla?"

Na ce sun karanta. Na ce wani ya karanta da ƙarfi sauran suna ji, har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya motsa, malami ya zo da bulala ya kore mu. Na ce an yi dambe a kan wanda zai fara kai shi gida. Duk gaskiya ne, ban ƙara ko kalma ba.

"Su nawa?"

Na ce za su kai ashirin.

Ya rufe ido ya maimaita, ashirin. Ya ce, a ina suka fi yin shiru? Na ce wurin da maraƙin ya ɓace a hawa na biyar. Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma yana ganin wurin ya fito. Kwana uku bayan nan muka kai shi makwancinsa.

Yanzu yara suna shiga kekena da waya a hannu, suna kallon jirage suna yawo tsakanin taurari, da harsunan da ba namu ba. Ba wanda ya san an taɓa yin wani a Bolewa, mai hawa bakwai, mai warin kashin shanu. An sare mainar an yi shago, ɗakinsa an zuba buhunan siminti. Cikin mu ashirin ɗin nan wasu sun mutu, wasu sun bar gari, wanda na haɗu da shi a gidan mai bara ya ce shi dai ya tuna da wata saniya.

Akwai littafi mai layi-layi a ƙarƙashin kujerar kekena, na uku ke nan da na saya. Ina tuna labarin har zuwa na tara, don nan ya tsaya da karanta mini. Na goma da na sha ɗaya ni na kai su wuta ban buɗe ba. A inda na sani, jirgin ya sauka, tsohon makiyayin ya ɗora hannu a kan ƙofa, shanu sun yi tsit a bayansa. Kwana uku ina zaune kusa da Baffa, kunya ta hana ni tambayarsa ko sun tarar da ciyawa.