Malama Mu-je-mu-gani

Kafin a kaɗa ƙararrawa ta riga ta zagaya bayan makaranta, ta durƙusa a gindin bishiyar lemo tana leƙen ƙarƙashin ganye kamar wadda ta yar da allura. Abin da ta tarar shi ne darasin ranar. Can sai ka hango 'yan aji ɗaya a bayanta, wannan riƙe da gashin tsuntsu, waccan tana bin ayarin tururuwa.

Na daɗe ina mamakin matar nan: malama guda, amma ba ta ba da amsa. Yaro ya ce, "Malama, me ya sa tururuwa ba sa ɓata hanya?" sai ta ce, "Ni ina na sani? Mu je mu gani." Sunan da ya bi ta ke nan.

Autata aku ce a gida, amma a makaranta ko tari ba ta yi. Shugaban makaranta ya ce in zango ya ƙare ba ta buɗe baki ba, sai ta maimaita aji. Hankalina ya tashi. Kakarta ta yi lallashi, babanta ya yi faɗa, duk a banza.

Malama kuwa kwalba ta miƙa mata, da wata koriyar tsutsa a ciki. "Ke ce uwarta. Kullum ki sa mata sabon ganye."

Mai sharar ajin ce ta ba ni ragowar labarin. Wata safiya babu tsutsa, sai wani ɗan kwanso maƙale a tsinke. Malama ta gani sarai, ta ci gaba da goge allo. Yarinya ta juya kwalba, ta sake juyawa, abin ya ci ta.

"Malama! Wa ya ɗauke min tsutsata?"

Malama ta waiwayo.

"Oho. Mu jira mu gani."

Ranar da malam-buɗe-littafi ya fito daga kwanson, Auta ce ta yi wa aji bayani, har da shugaban da ihun yara ya jawo. Sai da ya ce ta ja numfashi. Ta wuce zuwa aji biyu.

Malama, ke ce mai haƙurin jiran tambaya. Ga shi za ki yi ritaya, kuma wallahi ina jin zafin tafiyarki. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Malamai da iyaye, mu rage gaggawar amsa, mu fita da yara waje.

Jiya Auta ta tambaye ni inda tsuntsaye ke fakewa in ana ruwa. Har na buɗe baki, sai na ce, "Sa takalminki."