Damisar Ardo

Ni bokona a aji uku ya tsaya, malamai suka huta, ni ma na huta. Amma ko da wannan ɗan guntun ilimi na san ba kowane abu ake ƙirgawa ba.

A bayan dutsen ƙauyenmu, tsakanin Rano da Kibiya, da akwai wani kurmi. Tun muna yara ake cewa damisa na ciki, don haka ba mai shiga da gatari ko fartanya. Mutum ɗaya ke kai shanu can, abokina Ardon rugar da ke gefenmu. Gonaki sun cinye burtali, sun cinye makiyaya, kurmin nan kaɗai ya rage masa. Duk damina sai ya zo dandali yana salati, wai damisa ta ɗauke masa maraƙi.

Nakan ce, "Ardo, damisar nan taka ba ta tsufa ne? Ko fansho take karɓa a wurinka?"

Ya ce, "Kaɗo, shiga ka tambaye ta mana. Kawo hularka in riƙe maka."

Ban shiga ba. Ba tsoro ba ne, ƙafa ce ke damuna.

Ana nan sai ga wasu samari daga jami'a, masu ƙidayar namun daji. Yaran kirki ne, so suke su sami damisar don hukuma ta hana taɓa kurmin. Suka ɗaura kyamarori a jikin itatuwa, suka baje rairayi a bakin ruwa ko za ta taka. Mu kuwa muka ba su fura, muka nuna musu hanya har da alfahari. Ardo ya daina zuwa dandali.

Da suka gama, abin da kyamara ta kama awaki ne, da karnuka, da Ardo yana alwala. Babbansu ya zauna da mu a ƙofar masallaci bayan la'asar, ransa a ɓace. Ya ce damisa sai daji mai faɗi da naman da za ta ci, wannan kurmi kuwa ko dila sai ya yi haƙuri. Babu ita. Kowa ya ji, har masu gawayi.

Kafin damina ta zagayo, itatuwan kirya da marke sun koma buhunan gawayi a bayan babura.

Na iske Ardo yana ɗaure kaya.

"Ashe ƙarya ka yi ta shara mana, tsohon kawai."

"Tun babana na da rai ta ƙare. Shi ya koya mini kukan an ɗauke maraƙi."

"Yanzu sai ina?"

"Kudu, Kaɗo. Ko Allah zai sa a sami inda har yanzu ake tsoron wani abu."

Bai yi dariya ba, ni ma na nemi tawa na rasa.

Bana na shiga kurmin, da yake ƙafar ta yi sauƙi. Gonakin dawa ne har gindin dutse. Na nemi inuwar da zan zauna, babu.