Gambar da Take Tafiya

Jiya a majami'a, Dattijo yana tsakiyar wa'azi sai ya buga teburi: "An yi wa manzanni bulala, an kulle su, amma ba su yi shiru a kan abin da suka gani ba! Wa ke da irin wannan bangaskiya yau?"

Sai na miƙe.

"Baba Dattijo, ni ma na ga wani abu. Gambar da ta raba gonarka da ta Inna Talatu, tun da mijinta ya rasu, kowace damina sai ta matsa cikin gyaɗarta. Gamba ta yi ƙafa ne?"

Dattijo ya share gumi. "Maman Ladi, wancan zamanin manzanni ne. Zauna."

"Baba, su ma haka aka ce musu."

Maigidana kuwa sai jan zanena yake, saura kaɗan ya kwance.

Ɗazu Inna Talatu ta shigo gidanmu tana dariya: gamba ta koma inda marigayi ya dasa ta.

Ceto na Yesu ne kaɗai, amma da ya cece mu bai ɗinke mana baki ba. Jama'a, a garinku ma ciyawa tana tafiya?