Tambayar da Ta Hana Mu Zuwa Rafi

Asubar Asabar ɗin da ta wuce na tashi daga Bungudu, maiɗakina tana tsaye a bakin ƙofa ko a dawo lafiya ta kasa ce mini. Ni dattijon ikilisiya ne, kuma a ƙa'idarmu fasto ba ya yi wa masu neman baftisma tambayoyi sai da dattijo a gefe yana shaida. Sauran dattawan kowa ya samo uzurinsa. Ni ma na nema, ban samu ba.

Na tarar da fastonmu a tashar Gusau yana shan koko da ƙosai hankali kwance. Wani ƙauye za mu je a bayan Tsafe, inda muke da 'yar majami'a, fiye da shekara bai taka can ba saboda 'yan bindiga. Mutum huɗu ke jiran baftisma. Cikinsu akwai wani tsoho da 'ya'yansa suka daɗe da gudowa Gusau, shi kuwa ya kafe cewa ba inda za shi sai an nitsar da shi a rafin garinsu. 'Yarsa ce ta zo ta yi ta kuka a gaban fasto har ya sa rana.

Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani bara, amma ba wanda ya yi ciniki. Direbanmu, wani Alhaji mai yawan barkwanci, ya yi addu'arsa muka yi tamu, ya ce a hanyar nan ba a raina addu'ar kowa. Daga duwatsun Kwatarkwashi hira ta mutu. Dawa ta yi tsawo a gefen titi har ta fi mutum, ni kuwa duk karan da ya motsa sai gabana ya faɗi. Ina da tsoro, ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

A Tsafe na sayi gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa na zuba a aljihu, can na manta da su. Masu babur biyu suka yarda su kai mu, da sharaɗi ɗaya: ƙarfe biyu na rana za su juyo, da mu ko babu mu. Muka bi ta gonakin da ciyawa ta cinye da gidajen da aka cire wa ƙofofi, muka isa wajen sha ɗaya.

Mai bisharar ƙauyen ya shimfiɗa mana tabarma a cikin majami'ar. Mutum uku suka amsa tambayoyinsu sumul, na sa hannu. Sai aka zo kan tsohon. Ba ya karatu, amma ya haddace komai, ya zubo shaidar bangaskiya tun daga farko har ƙarshe ba gargada. Har na miƙe ina kakkaɓe riga, don rafin tafiyar rabin awa ce. Sai fasto ya yi masa wata tambaya da ba ta cikin takarda.

"Baba, in ka mutu yanzu kafin mu kai rafi, ina za ka?"

"Wuta mana, Fasto. Ai ban shiga ruwa ba."

Fasto ya ninke takardar tambayoyin ya sa a aljihu, ya gyara zama. Na san wannan zaman, na wa'azin da ba ya ƙarewa ne. Ya shiga ba tsohon labarin ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu, wanda ya ba da gaskiya a kan gungume, ya mutu ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba, aka kuma karɓe shi. Tsoho ya ce wannan ai alfarma aka yi masa. Fasto ya ce to kai ma alfarmar ce. Suka yi ta kai da komo, sha biyu ta wuce, ɗaya ta gota. Masu babur suka leƙo sau biyu suna nuna mini agogo.

Raina ya ɓaci, zufa ta jiƙa mini baya. Na raɗa wa fasto cewa tsohon nan ya ci jarrabawa, a nitsar da shi mu kama hanya, sauran bayani a yi a Gusau. Bai ko dube ni ba. Ya ce in ya sa shi a ruwa da wannan amsar a bakinsa, ya koya masa cewa rafi ne mai ceto, kuma shi ba wannan aka aiko shi ya koyar ba. A zuciyata na ce taurin kan mutumin nan ne zai sa a kwashe mu.

Can ya ɗaga hannun tsohon ya nuna zoben matarsa marigayiya da yake sawa a ɗan ƙaramin yatsa, ya tambaye shi ko zoben ne ya aura masa ita. Tsoho ya juya zoben a yatsarsa. Ya ce a'a, shaida ce kawai.

"Ashe ko yau nim mutu, Yesu ya riga ya amshe ni?"

"Tun ranar da ka ba da gaskiya, Baba."

Sai tsohon ya fashe da kuka, ya kama gwiwar fasto. Ya ce kada kowa ya je rafi. Da sassafe ya je duba zurfin ruwa, ya ga sawun babura da yawa a kan yashi da hayaƙi a tsallake, mutanen daji sun sauka a can. Ya dawo bai gaya wa kowa ba, don yana tsoron in an fasa yau zai mutu a hallake. Na koma na zauna a kan tabarma. Da yanzu mu bakwai mun gangara rafin nan muna waƙa.

Biyu saura kwata muka hau babura, tsohon a tsakiyar nawa da ƙunshin kayansa a cinya. Sauran ukun za su biyo mu a yi musu baftisma a kwamin siminti na majami'ar Gusau. Ban iya tuna komai na hanyar dawowa ba sai addu'a. 'Yarsa ta tarye shi a tasha, ni kuma na isa Bungudu kafin magariba, maiɗakina tana nan a bakin ƙofa kamar ba ta motsa ba.

Shekara goma sha ina zama a gefen fasto ina ɗaukar tambayoyin nan al'ada ce da ake cikawa kafin a je ruwa. Yanzu na san aikinsa ke nan, ya tabbata abin da ke bakin mutum ya sauka cikin zuciyarsa, ko da rana tana faɗuwa. Gobe Lahadi za a yi wa tsohon baftisma, kuma ni zan riƙe masa tawul, ni da na ce a yi sauri a kai shi rafi.