Ƙusoshin Malam Shitu

Mutane na zuwa ƙasar waje su dawo da kyamara ko agogo. Malam Shitu, duba-gari a Anka, ya je Japan ya dawo da zancen riga, har abokai suka gaji da shi.

Bayan gubar dalma ta kashe yara a Bagega ne wata ƙungiya ta tura shi kwas na sati shida. A can ya shiga ofishin masu kwas ɗin da babbar riga, yana baza hannuwa. Babu wanda ya yi masa dariya, sai dai washegari ya tarar da shat mai kwala a kan kujerarsa. Lokacin zafi ne, an yafe wa ma'aikata kwat da naktaye, amma sassaucin ma da dokarsa: ban da silifas, ban da launi mai ɗaukar ido. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai ya gani ne a wata masana'anta, inda kowa ke tuɓe kayan gida ya rataye, ya sa na aiki, in an tashi ya wanke jiki ya sauya. A nan Shitu ya tsaya kamar an dasa shi, domin a jikin rigar ƙanensa Lirwanu, mai haƙar zinare, ƙurar dutse mai dalma ta bi har ɗaki, ta kusa kashe Hafiza, 'yar Lirwanun.

Da ya dawo sai ya kafa rumfa a wani dandalin haƙar zinare bayan Bagega, ya jera ƙusoshi arba'in a jikin katako, ya ajiye randa da sabulu. Masu haƙa suka sa masa suna Ɗan Japan. Shi kuwa mutum ne mai naci, ga faɗa, zai iya bin ƙato har bakin hanya a kan wando. Lirwanu ne ya fara rataye tasa, wata shuɗiyar taguwa, a ƙusa ta bakwai.

"Yaya, in Allah ya yarda ba ni ƙara shiga gida da ƙurag ga," in ji shi.

Sannu a hankali sauran suka bi. Da rana in ka leƙa rumfar sai gabanka ya faɗi: riguna arba'in a jere, iska na kumbura su, kamar sahun mutanen da ba su da kai. Shitu bai yi nufin haka ba, amma rumfar ta koma wurin sanin wanda ya fito daga rami. Rigar gida in ta wuce la'asar a ƙusa, mai ita yana ƙasa.

Wata Laraba da damina rami ya rufta. Aka yi kwana huɗu ana tono, aka ciro mutum biyu, ba a ga Lirwanu ba. Taguwarsa ta zauna a ƙusa ta bakwai, kuma Shitu ya hana kowa taɓa ta. A ganinsa ranar da ya sauke ta, ranar ya kashe ƙanensa da hannunsa. Shekara ta zagayo. Habsu, matar Lirwanu, tana zaune ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Sauran riguna kan yi fari da ƙura cikin yini guda, amma shuɗiyar ko ɗigo ba ya zama a kanta. Masu haƙa suka daina rataye kaya a ta shida da ta takwas.

Innarsu ce ta gaji. "Shitu, tahi ka sauko da rigar yaron nan, a yi mishi addu'a. Ka bar yarinyar mutane ta san matsayinta."

Ya tafi da hantsi, rana tarwai. Ya miƙa hannu ga ƙusa ta bakwai, sai ya janye. Babu taguwa. Abin da ke rataye tsohuwar singileti ce da gajeren wando, sun yi kauri da jar laka, lakar kuwa ɗanya. Ya san facin wandon, Habsu ce ta yi shi: kayan aikin Lirwanu ne. Sabulun bakin randa a jiƙe yake, alhali tun safe kowa na cikin rami.

"Wa ya taɓa ƙusag ga?" Ya daka tsawa.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ya hau babur bai san yadda ya iso gida ba. Ya tarar da Habsu a tsakar gida, ta dafe bango. Shuɗiyar taguwar na kan tabarma a ninke, Hafiza na zaune kusa da ita tana wasa.

"Yaya, ni dai ruwa na tahi ɗiba," in ji Habsu. "Na dawo na ishe ta nan."

Shitu ya durƙusa gaban yarinyar. "Hafiza, wa ya kawo rigar?"

"Baba na. Ya ce sai da ya yi wanka kahin ya ɗauke ni."

Ya juya tafin hannunta, ya duba wuyanta, ya shafa gashinta, ya kakkaɓe rigarta a rana yana neman ƙura. Babu ko kaɗan. Sai a lokacin kuka ya zo masa, kukan da ya riƙe shekara guda.

"Inna," ya ce, "a kira liman. Lirwanu ya tashi aiki."