Ranar da Motar Kwana-kwana Ta Rasa Mai

Ina haki na isa ofishin 'yan kwana-kwana. Tankar fetur ce ta kife a Ƙofar Kware, wuta ta kama rumfar hatsin babanmu. Zamanin soja ne, lokacin da ake cewa ƙasa ta yi arzikin mai.

Na ce wa shugabansu, "Ranka ya daɗe, ku taimake mu."

Ya ce, "Malam, babu mai ga motarmu. Masu tanka sun ce aikin gwamnati na, gwamnati ta ce su biya."

Da bokiti muka yi ta fama har rumfar ta ƙone ƙurmus. Baba bai sake zaman kasuwa ba har ya rasu.

Jama'a, a ganinku, haƙƙin wa ne zuba man nan?