Baƙon da Aka Ƙwace wa Rawani

Ni 'yar Gwandu ce, aure ya kai ni Kalgo. A shekarar babban farin nan da dabbobi suka ƙare a arewa, mutanen Nijar sun yi ta gangarowa wajenmu. Wata ranar kasuwa Malam, mijina, Allah ya jiƙansa, ya shigo da wani Buzu a kan jakinmu. Ya tsince shi kwance a gindin tsamiya, bayansa duk shatar bulala, haƙarƙarinsa a kumbure. Masu tsaron kan iyaka ne suka tambaye shi takarda, ba shi da ita, suka kai shi ƙasa da gindin bindiga, suka warware rawaninsa suka ƙwace.

Aka kwantar da shi a zaure. Malam ya ce a kai ƙara wurin alƙali, baƙo ma ɗan Adam ne, babu dokar da ta halatta dukansa. Mutumin ya girgiza kai, yana tsoron a mayar da shi.

Abin da ya fi damunmu, ya ƙi cin komai. Na dama fura, ta dawo yadda take. Na yi kunu, ya dawo. Kullum fuskarsa na bango, tafin hannunsa a kan baki.

Na ce, "Malam, mutumin nan zai mutu mana a zaure. Ko girkina ne bai yi masa ba?"

Ya ce, "Girkin naki ai sai mu da muka saba haƙuri."

"Ana maganar rai kana tsokana?"

Yana cikin dariya sai ya tsaya. Ya ce, "Ke, hannun nan da ke bakinsa ba ciwo ba ne. Su Buzaye, namiji ba ya barin bakinsa babu rufi a gaban mutane. A ganinsa tsirara yake."

Ya buɗe adaka ya ɗauko rawaninsa na Idi, wanda ko ni ba na taɓawa. Ya ajiye shi kusa da baƙon tare da ƙwaryar fura, ya fito ya ba shi wuri. Ni ce na leƙa ta ɓular zana. Mutumin ya naɗa da ƙyar, ya ja amawali har kan hanci, ya miƙe zaune. Sannan ya tura ludayi ta ƙarƙashin ƙyallen.

Tun da na rasa Malam, ban taɓa ba da labarin nan ban yi kuka ba. Har yanzu ina ganinsa ya shigo da ƙwaryar babu komai a ciki, idonsa jawur, yana cewa, "Ƙara damawa, ki sa nono da yawa."